Akwalar Malam da Gonar Albasa

Akwala suke ce mata. To, akwalar ce, sai mi? Ni ban taɓa cewa sabuwa ce ba. Mun saye ta da shekarunta a ka, ta riga ta yi wa wani bauta a ƙasar waje ta gaji, aka ɗoro ta a jirgin ruwa aka kawo mana saura. Mitar da ke ƙirga tafiyarta ta tsaya tun autata tana goye, ga shi yanzu ita ma goyon take yi. Duk wanda ya tambaye ni nisan da motar nan ta ci a duniya, sai in ce ya je ya tambayi hanyar Wurno zuwa Rabah, ita ta sani.

Mijina, da nake kira Malam, malamin gona ne a ƙaramar hukumar Rabah har ya ajiye aiki. A Wurno muke zaune, ni ina koyarwa a firamare. Shekara da shekaru motar nan ce ke kai shi ta dawo da shi, kuma da ya karyo kwanar gidanmu da yamma sai ya danna hon sau biyu, gajeru, fim-fim. Ba don a buɗe masa ƙofa ba, motar a waje take kwana. Ni yake gaya wa ya dawo, in ɗora ruwan shayi.

Cututtukanta na san su sarai. Tana shan baƙin mai, ba ta jin kunya. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje. Gilashin gefen direba sai ka dafe shi da tafin hannu kana murɗawa, in ba haka ba ya zame ya faɗa cikin ƙofa, ranar kuma ka sha rana. Lagireto na yoyo, shi ya sa jarkar ruwa ba ta barin but. Amma babban ciwonta kik ne, abin da ke tada injin in an murɗa makulli. Da safe, tana sanyi, murɗa ɗaya take tashi, har ka ce yarinya ce. Bari ta yi tafiya ta ɗauki zafi ka kashe ta. Ka dawo ka murɗa, sai ka ji ƙyat, shi ke nan. An canza kik sau biyu, bakanike uku sun zuba mata hannu, kowane ya rantse ya gano, ita kuwa tana nan a kan halinta.

Da Malam ya gaji da faɗa da ita, sai ya koma nazarin ƙasa. Babu gangarar da bai sani ba tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo. Ko suna za shi ko jana'iza, ba ya ajiye ta ƙofar gidan da ake sha'ani. Sai ya wuce ya nemi inda ƙasa ta ɗan sunkuya, ya juya hancinta ƙasa, ya sa dutse a taya, ya dawo da ƙafa. In zai tafi sai ya zare dutsen, ya sa giya ta biyu, ya taka kuloci, ta gangara, ya saki, ta yi tari ta kama. Mutane suna cewa tawali'u ne, ba ya son nuna mota. Ni da na san zancen sai in yi ta dariya a ciki. Allah ya taimake mu Wurno a kan tudu take, ƙofar gidanmu ma gangara ce, dutsenmu yana nan wuri ɗaya har ya yi sulɓi.

Shi ya koya mini tuƙi, wani dogon hutu, a filin ƙwallon makarantarmu. Ba mu taɓa faɗa irin na makon nan ba. Yana cewa ina sakin kuloci kamar na taka garwashi, ni ina cewa ya yi mini shiru in ji da abu ɗaya. Na iya dai, na ajiye, don ban ga ranar da zan bukata ba.

Ranar ta zo shekara uku da suka wuce, yana alwalar azahar. Buta ta faɗi, shi ma ya bi ta. Da muka dawo daga asibiti a Sakkwato, ɓarin damansa ya tafi, hannu da ƙafa. Da sanda yana iya jan jiki kaɗan-kaɗan. Magana ce ta ƙi. Mutumin da ke tsayawa gaban manoma ya yi awa guda yana bayani, kalma ɗaya ta rage masa, "to". Da ita yake yarda, da ita yake ƙi, da ita yake zagina in na sa gishiri ya yi yawa. Hankalinsa kuwa garau, babu abin da ya taɓa shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yan dubiya. Mutum zai shigo, Malam na zaune a gabansa ido biyu, sai ya juyo wurina ya ce, "Malama, ya jikin nai? Yana cin abinci?" Haba jama'a! Kurma ne? Tun ina amsawa har na koma cewa ga shi nan, a tambaye shi. Sai su yi dariyar yaƙe su ci gaba da yi mini magana. Har yayansa, babban gidansu, wanda duk muke kira Yaya, haka yake yi, ba don rashin so ba, ya kasa kallonsa ne. Malam ya daina fitowa ko zaure. Yana kwance, fuska ga bango, yana ramewa. Motar kuma tana ƙarƙashin dogonyaro, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙasanta ɗakin ƙwai.

Malam yana da gonar albasa a fadamar da ke ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo. Abokinsa na yarinta ke noma ta, su raba. Ita albasa, kafin a cire ta sai an yanke mata ruwa ta bushe a ƙasa. In ka yi gaggawa ba ta cika ba. In ka makara ta sha ruwa da yawa, ka adana ta ta ruɓe maka kafin ta yi daraja. Sanin ranar nan shi ne gwanintar Malam. Matsa wuyan albasa yake yi da yatsa biyu ya faɗi kwana nawa suka rage, kuma manoma daga nesa suke zuwa nemansa don wannan.

Wata rana abokin nan ya zo dubiya. Bai tambaye ni komai ba. Ya zauna bakin katifa, ya zaro albasa ɗaya da ganyenta daga aljihu, ya sa wa Malam a hannun hagu.

"Malam, in yanke mata ruwa, ko in bari?"

Malam ya juyo daga bango. Ya matsa wuyanta, ya sake matsawa, ya shinshina. Sai ya ɗaga yatsu biyar, ya dunƙule, ya ƙara biyu. Kwana bakwai. Abokin ya ce guda ɗaya ba ta isa shaida ba, gefen gabas daban yake da na yamma, da Malam zai ga gonar da idonsa da ya fi. Ya faɗa ne kawai yadda ake faɗa. Amma na ga idon mijina, kuma rabona da ganinsa haka tun kafin buta ta faɗi. Washegari na kori kaji, na kira bakanike.

Asabar ta farko na zaunar da shi a gaba, kusa da ni. Kujerar motar ƙasa-ƙasa take, juyawa kawai yake yi ya zauna, in ɗaga masa ƙafar dama in shigar. Muka gangara. Na taka kuloci zan sa giya ta biyu, sai hannuna ya tarar da wani hannu a kan sandar giya. Nasa ne, na hagu, mai lafiyar, daidai wurin yake. Ya tura giyar ta shiga sumul, ya dube ni ya ce, "To." Tun daga ranar haka muke tuƙi. Ni ke da sitiyari da ƙafafu, shi ke da giya. In injin ya kai inda yake so sai ya buga gwiwata da yatsa, in taka, ya canza. In ya ji wani ƙara da bai yarda da shi ba sai ya ƙwanƙwasa gaban mota, in tsaya in buɗe, ya nuna mini da sanda. Ranar da muka dawo ya cinye tuwonsa tas, ya miƙo kwano a ƙara.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. Wai Malama ta zama direban tasha. Wai ina yawo da marar lafiya a rana don in nuna na iya mota. Wata ma a gidan biki ta ce mini ita kam da kunya ta kashe ta. Na ce to Allah ya ja kwananki, ni ba ta kashe ni ba.

Ba zan yi wa motar ƙarya ba, ta ba mu kunya sau biyu. Sau ɗaya fanbel ya tsinke bayan mun baro Goronyo, sai da wani mai babur ya je ya sayo. Na biyun ya fi muni. Lagireto ta fashe wajen mararrabar Giyawa, muka yi awa uku a bakin hanya, sai da babban ɗana ya taso daga Sakkwato ya ja mu da igiya. A makon nan kuwa 'yan bindiga sun tare mutane a wani ƙauye ta wajen Rabah. Ɗan nan nawa, wanda ba na faɗin sunansa don shi ne na fari, sai waige-waigen daji yake yi har muka isa gida.

Bayan sati biyu sai ga shi da mota doguwa, mai sanyi, mai canza giya da kanta. Ya ce tamu ce. Yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka, kuma na san abin da ya hana kansa kafin ya same ta. Muka gwada. Sai da maza biyu suka cicciɓi Malam suka ɗora a kujera, a gaban maƙwabta. Muka kama hanya, motar na tafiya lumui, babu ƙara, babu jijjiga. Na ga hannunsa na hagu ya tashi yana lalube. Ya samu sandar, ya riƙe, yana jira. Babu abin canzawa. Ya ɗan jima a haka, sannan ya janye hannun ya sa a cinya, ya juya fuska ga gilashi. Ko gonar bai yarda ya sauka ba. Da muka dawo na miƙa wa yaron makullinsa, na ce na gode, ya kai wa matarsa.

Sai aka yi mini taro a zaure, Yaya da ɗana.

"Inna, don Allah mi kinka gani ga wagga akwala?" in ji ɗana. "So kike sai an kira ni an ce an tahi da ku daji?"

Na ce giyar babansa na gani a cikinta. Bai gane ba, ni kuma haushi bai bar ni na yi bayani ba.

Yaya ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi, sannan ya dube ni. "Malama, ba ƙin ki nika yi ba. Kin riƙe ƙanena, duniya ta shaida. Amma hanyag ga ba ta da lahiya, ke ma kin sani. Ga magana ɗaya. In ta ƙara mace muku har anka tahi ɗauko ku, to ta ƙare. A ba masu sayen ƙarhe, shi ko ya zamna gida."

Duk wannan Malam na zaune a kan tabarma tsakaninsu, ba wanda ya dube shi. Na so in yi rashin kunya, wallahi na so. Amma Yaya ba wawa ba ne, kuma tsoron da suke ji ni ma da shi nake kwana. Na ce na ji, na yarda. A raina na san abin da na sa hannu a kai. In motar nan ta tafi, Malam ya koma bango, kuma wannan karon ba zai juyo ba.

Asabar ɗin da nake son ba da labari ta faɗo cikin bazarar bara, zafi na dukan ƙeya tun hantsi. Lokacin yanke ruwa ya sake zagayowa. Wurin ajiyarmu a gona shi ne kan kwalbati, inda hanya ke ɗan hawa ta sauka, gangarar da babu irinta a duk fadamar. Muka iso muka tarar da babbar mota ta tsaya a kai ana loda mata albasar maƙwabta. Dole na wuce na tsaya a ƙasa, kan hanyar ƙasa da ke bin gefen magudanar ruwa, shimfiɗe kamar faifai. Na ce bari in bar ta a kunne. Ba a yi minti goma ba allurar zafi ta fara hawa. Malam ya miƙa hannu ya kashe ta da kansa.

Ya yi aikinsa. Abokinsa na riƙe da shi, suka bi kunya-kunya a hankali, gabas da yamma, yana sunkuyawa yana matsa wuya. Manoma huɗu suka baro nasu suka biyo shi, kowa da albasa a hannu, suna jiran layi. Gabas ya ba ta kwana uku, yamma kwana takwas. Ni ina gindin mangwaro ina kallo, raina fes.

Bayan azahar aka aiko an yi rasuwa a ƙauyen su abokin Malam, za a yi jana'iza nan take. Maza suka fara hawa babura. Babbar motar ma ta gama lodi ta tafi. Abokin ya tsaya ya ce, "Malama, mu tura ku tukuna?" Malam bai gama cin abinci ba, kuma na saba in ta huta awa biyu kik ɗin yakan sauko. Na ce su tafi, gawa ba ta jira, ai ta huce. Girman kai ne, na yarda. Ban so a ce kullum sai an tura Malama.

Da muka shiga na murɗa makulli. Ƙyat. Na sake. Ƙyat. Na buɗe gaba na bubbuga kik da sifana yadda bakanike ya nuna mini, na zuba masa ruwa, na yi bisimilla, na murɗa. Ƙyat. Na ce, "Amma ke dai an yi 'yar banza! Yau kika ga dama?" Na duba fadama, ta watse. Yanzu ba mai bari la'asar ta same shi a can. Mutum biyu kawai na hango, wata tsohuwa da surukarta, suna tsince lawashin albasa a gonar da aka kwashe, za su kai gida su daka su yi gabu.

Waya ta yi ƙara a jaka. Ɗana ne. Na bar ta ta katse. Ta sake, na ɗauka.

"Inna, kuna ina?"

"Muna gona."

"Lahiya dai?"

"Albasa ta yi kyau bana," na ce, na kashe. Ban dai yi ƙarya ba. Kalma ɗaya zan faɗa ya taso, kafin magariba muna gida lafiya, jibi kuma masu sayen ƙarfe su zo da guduma.

Na je na roƙi matan. Tsohuwar ta karkaɗe zane ta ce, "Ɗiyata, mu ba mu san kan mota ba, amma turi mun iya." Na fito da Malam ya tsaya da sandarsa don a rage nauyi, na shiga, suka tura. Ƙasa taushi, mota tsohon ƙarfe, ni kuma Allah ya ba ni jiki. Ta motsa, tana rarrafe. Na saki kuloci, ta yi tsalle ɗaya ta kafe. Muka sake, haka. Tsohuwar ta dafa but tana haki, ta leƙo ta ce, "Ke ta nauyin, ɗiyata, kuma ke ta mai ƙarhin. Da ke ka turi da ta tashi." Gaskiya ta faɗa. Amma in na fito, wa zai zauna a ciki?

Sai na ji ƙwas-ƙwas a jikin ƙofata. Malam ne, ya jawo ƙafa ya zagayo har gefen direba, yana buga ƙofar da sanda. Ya nuna ni, ya nuna waje. Ya nuna kansa, ya nuna kujera.

Na ce, "Malam, a'a. Ƙafar birki fa? Ga ruwa a gefe."

Ya ɗaga ƙafarsa ta hagu ya buga ta a ƙasa sau biyu. Ita ce ta kuloci, kuma lafiyarta lau. Ya ce, "To." Irin wadda ba a ja da ita.

Na ji tsoro, tsoro mai tsanani. Magudanar nan ta kai ƙirjin mutum zurfi, tsakaninta da taya bai fi taku uku ba. In ya faɗa, ni na kashe shi, kuma babu bakin da zan yi wa Yaya bayani da shi. Amma na dubi fuskarsa na ga in na hana shi, na zama ɗaya da masu tambayata ko yana cin abinci. Na fito.

Na zaunar da shi. Na ɗaga ƙafar dama da hannu biyu na ajiye ta gefe, nesa da totur. Ya taka kuloci har ƙasa, ni na zagaya na sa masa giya ta biyu, yau aiki ya juye. Na kunna makulli, na bar ƙofar gefe a buɗe don in samu in faɗa ciki in ja birkin hannu. Na ce, "In ta kama, ka sake takawa nan take, ka ji? Kada ka bari ta tafi da kai." Ya yi mini wani kallo, irin na filin ƙwallo, na wa ya koya wa wani.

Na ɗaure hijabi a ƙugu, na sa kafaɗa. Mu uku muka ce bisimilla. Ta motsa, ta ƙara, tayoyi suka fara gurza ƙasa da sauri. Ina ihu, "Saki! Malam, saki!" Bai saki ba. Ashe jira yake ta kai inda yake so. Numfashina na gab da ƙarewa sai motar ta yi wata girgiza, ta yi tari sau biyu, salansa ta watso mana baƙin hayaƙi, ta kama. Ta fizge daga hannunmu, na kife a kan gwiwoyina.

Na ɗago ina jiran in ga ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Tana tafiya abinta, a hankali, a giya ta biyu, ƙofa na lilo, tana bin gefen ruwa ɗoɗar ba ta karkace ko kaɗan ba. Na tashi na bi ta da gudu, takalmi ɗaya ya fice, ina kururuwa ina salati, matan nan na bayana suna tayawa. Tun ina tsammanin ƙafar ce ta ƙi masa, har na ga ya kauce wa wani rami, tsaf, da hannu ɗaya. Sai na gane. Ba kasawa ya yi ba, tuƙi yake yi. Mutumin nan da gangan ya ƙi takawa!

Sai da ya kai gindin kwalbati, inda hanya ke fara hawa, sannan ya taka kuloci. Hawan ya shanye gudun, ta tsaya cak, injin na ci. Na iso na faɗa ciki na fizgi birkin hannu, na cire giya. Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa, sai na ga yana dariya. Rabin fuska ke yi, ɗaya rabin na kallo, hawaye na zuba ta ido biyu. Masifar ta maƙale. Na ce, "Allah ya shirye ka, Malam," ni ma na fashe da kuka, gwiwata na jini.

Rana ta karkata, ya kamata mu yi sauri. Duk da haka na bar shi ya ɗan jima riƙe da sitiyarin kafin in sauya masa kujera. Muka ɗauki matan da buhunan lawashinsu muka sauke su bakin ƙauye. Takalmin ban koma nema ba. Har Wurno ban sake tsayawa ba, shi ko yana ta buga gwiwata yana canza giya kamar ba abin da ya faru.

Da muka karyo kwanar gida na hango su, Yaya a kan benci da carbi, ɗana a tsaye da waya a kunne, doguwar motarsa a kunne, yana shirin tasowa. Sai Malam ya miƙo hannun hagu ta gabana, ya danna hon. Fim-fim. Shekara biyu ban ji wannan ba. Saura kaɗan in hau dakalin maƙwabta.

Na juya hancinta ƙasa, na tsaya, na fito da ƙafa ɗaya ba takalmi, zane a yage, jini ya bushe a ƙwauri.

"Inna! Mi ya same ki?"

Yaya bai tashi ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ta mace?"

"Ta mace," na ce. "Amma ba wanda ya tahi ɗauko mu."

"Wa ya tashe ta?"

"Ni na yi turi."

"Wa ke ciki?"

"Ga shi nan, Yaya. Ka tambaye shi, yana ji."

Yaya ya ajiye carbinsa. Ya miƙe a hankali, ya zo gefen da ƙanensa yake, ya sunkuya a taga. 

"Kai ka tashe ta?"

"To," in ji Malam.

"Da wace ƙahwa?"

Malam ya buga cinyarsa ta hagu. Sannan ya miƙa hannu ya zare makulli, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya dafe.

Ɗana ya buɗe baki zai yi magana, Yaya ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwayo ba. Ya daɗe a sunkuye suna kallon juna. Da ya ɗago sai ya duba ƙasa, ya ga ban sa dutse ba, na manta. Dattijon nan da ko butarsa ba ya ɗauka da kansa ya duƙa ya ɗauko dutsen, ya cusa a gindin taya, ya danna da ƙafa. Ya koma taga ya jingina gwiwar hannu.

"To, albasar fa? Kwana nawa ka ba ta?"

Malam ya ɗaga yatsu uku, ya nuna gabas.

Na bar su a nan. Na shiga gida da takalmi ɗaya, na ɗora ruwan shayi.